Na Ce Ka Jira Ruwan Afrilu: Ta'aziyyar Nazih Sabra

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Da safiyar Talata, 14 ga Maris, 2023, Allah Ya karɓi ran Nazih Sabra, mai gidan burodin nan na titin Warren, a gidansa da ke garin Dearborn, jihar Michigan. Ya rasu yana da shekara saba'in da ɗaya, bayan jinyar ciwon hanta da ya sha tun shigowar sanyi. An yi masa sutura washegari. Ya bar matarsa, Hajiya Su'ad, da 'yarsu tilo, Lamis, da jikoki biyu.

'Yan ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci ne suka ce ni zan rubuta masa ta'aziyya, wai don babu wanda ya kai ni kusanci da shi. Na so in zille, suka ƙi. Nazih, Abu Lamis kamar yadda muke kiranka da sunan 'yarka, ni da kai mun san abin da ya sa na so zillewa. Makonni kaɗan kafin rasuwarka ka roƙe ni abu guda, cewa in fito maka da motarka daga sitona ka tuƙa ta sau ɗaya da matarka a gefenka, na ce maka a'a. Ba zan iya jera alherinka in tsallake wannan ba. Zan faɗi duka biyun, amma bari in fara da alherin, don shi ne ya fi yawa.

Duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san ƙamshin tanderunka tun kafin ya san fuskarka. A shekarar da masana'antun mota suka yi ta sallamar ma'aikata, magidanta da yawa sun riƙa shigowa shagonka wai don su gaishe ka, alhali ko kuɗin gurasa ɗaya babu a aljihunsu. Kai kuwa sai ka cika leda da gurasa mai barbaɗin ganyen za'atar da ta cuku, ka miƙa kana ɓata rai, kana cewa ta jiya ce, su taimake ka su rage maka kafin ka zubar. Ina nan tsaye ranar da wani ya karɓa ya ce, "Haj, wannan gurasar jiyan taka ai ƙona hannu take yi." Ko murmushi ba ka yi ba, ka ce, "Ledar ce mai kyau, tana riƙe zafi. Ɗauki ka ba ni wuri, kana tare min hanya." Mutane sun ci abinci daga hannunka ba su taɓa sunkuyar da kai ba, kuma da yawansu na gan su a maƙabarta.

Ni kaina na fi kowa cin moriyarka. Lokacin da matata Nuhad ta kwanta asibiti, kullum da safe kana zuwa da gahawa a fulas, ka zauna kusa da ni a barandar ɗakin jinya. Ba ka taɓa ce min za ta warke ba, ba ka kuma taɓa yi min wa'azi ba. Da ta rasu, na rufe ƙofa na daina ɗaukar waya. Na yi ritaya daga shagon magani, 'ya'yana suna nesa, babu abin da zai sa in aske gemu ko in sa takalmi. Kowa ya gaji ya ƙyale ni, ban da kai. Wata safiya ka danna ƙararrawa har sai da na buɗe don in zage ka, ka ce, "Gassan, sa wando. Akwai wata mota a Ohio, kuma ni ban san komai a kan fenti ba. Za ka bari su cuce ni?"

Na daɗe da sanin labarin motar, don ka ba ni shi ya fi a ƙirga. Kana saurayi sabon zuwa ƙasar nan daga Lebanon, kana wankin motoci a wurin wani dila, aka kawo ta. 'Yar ƙarama mai kujera biyu, launin zuma, da layi biyu baƙaƙe tun daga hanci har bayanta. Kamfanin ya yi 'yan ɗaruruwa ne kacal da wannan fentin, don murnar wani tsere da suka ci, daga nan ba su sake ba. An ba ka soso aka ce ka wanke, aka kuma ja maka kunne kada ka kuskura ka shiga ciki. Ka ce tun ranar ka ƙudurce a ranka wata rana sai ka tuƙa irinta a titin bakin tafki, gilashi a sauke.

A rumbun wata tsohuwa muka same ta, an lulluɓe ta da barguna. Mijinta ya saye ta sabuwa, ya ɗan hau ta, ya ajiye, ya rasu. Na yaye bargo, na ɗora na'urar auna kaurin fenti a ƙofa, na ɗora a bonet, na ɗora a kowane gefe. Ko'ina fentin kamfani ne na asali, babu inda hannun wani ya taɓa gyarawa. Na daɗe ina alƙalanci a wuraren nunin motoci, ban taɓa ganin irinta ba. Wannan ne karo na farko tun rasuwar Nuhad da na ji wani abu ya motsa a raina.

Da aka gama ciniki ka karɓi makulli, ka ce mu zuba mai mu sa batir, kai da ita sai Michigan. Na sha gabanka. Na ce ko ka san abin da ke hannunka? Tsakuwa ɗaya daga tayar babbar mota ta isa ta mayar da ita mota kamar kowace. Ka dube ni, ka dubi yadda fuskata ta dawo da jini, ka sa makullin a aljihu ka ce, "To, Alƙali, yadda ka ce." Muka nemo tirela mai rufi. Sai da na yi shekaru kafin na gane ba hujjata ce ta rinjaye ka ranar ba. Ka ga abokinka ya sami abin da zai tashe shi daga kwanciya ne, ka bar masa.

Daga nan Zuma, kamar yadda 'yan ƙungiya suka laƙaba mata, ta shiga irin rayuwar da muke yi wa motocinmu. A wurinmu rabin darajar mota yana ga fentinta na asali, sauran rabin yana ga ƙarancin mil ɗin da mita ta nuna. Saboda haka ba a hawa. Ranar nuni a tirela ake kai ta, yawanci ma a tura ta da hannu zuwa kan ciyawa, a jera madubai a ƙarƙashinta don alƙalai su ga babu tsatsa. Ba a taɓa ta sai da safar hannu. Iyakar tuƙin da ka taɓa yi mata shi ne daga bakin tirela zuwa layin da aka ba mu, a giyar farko, ni ina gabanka ina tafiya da baya ina ɗaga maka hannu. Hajiya Su'ad kuwa ko zama ba ta taɓa yi a ciki ba, don na ce fatar kujerar ta tsufa, za ta tsage. Takan ce mijinta motoci biyu gare shi, ɗaya ta kai burodi, ɗaya ta kallo.

Mun ci kofuna, ba zan yi ƙarya ba, kuma ka ji daɗinsu. Amma abin da ka fi so a wurin nuni shi ne yara. Kakan zo da akwatin alewar baƙalawa ka raba, ka durƙusa ka nuna musu layin baƙin, ka ba su labarin tseren kamar kana wurin aka yi. Ni ina bayanka ina lura da yatsunsu masu danƙon zuma. Sau ɗaya wata yarinya ta tambaye ka ko motar tana gudu sosai. Ka ce, "Haka aka ce min, 'yata."

Idan Oktoba ta ƙare, kowa yakan kawo motarsa sitona, wani tsohon ɗakin ajiya da na saya na sa masa ɗumi. Mu tsiyaye mai, mu cire batir, mu ɗage mota a kan jak don kada taya ta lotse, mu zuba gutsattsarin sabulu a ciki saboda ɓeraye, mu rufe. Ba wanda ke fitar da mota cikin sanyi. Gishirin da ake watsa wa tituna saboda ƙanƙara yana cin ƙarfe, kuma ba ya tafiya don kawai ƙanƙara ta narke. Sai ruwan Afrilu ya zuba sosai ya wanke kwalta. Ni ne mai fita in shafa titi da yatsa in ce an buɗe ƙofa. Walt Dombrowski, tsohon ɗan kwana-kwanan nan mai bakin tsiya, wanda ya zauna cikinmu har ya san al'adunmu, shi ya fara cewa, "Ku yi haƙuri jama'a, Alƙali bai ga wata ba tukuna." Duk tsawon sanyi, kowace Asabar da safe mukan haɗu a sito tsakanin motoci rufaffu, kai ka zo da gurasa mai zafi, mu ci mu yi gardama a kan lambar injin da launin kusoshi.

A Nuwamba likitoci suka faɗa maka abin da ke jikinka. Ka faɗa mana a sito, kana raba gurasa, kamar kana ba da labarin wani. Ba ka daina zuwa ba. Muna kallo kana ramewa, rigar sanyinka tana yi maka yawa, idanunka suna komawa rawaya. Daga baya Lamis ce ke kawo ka ta dawo ta ɗauke ka. Gurasar ma ka daina ci, sai dai ka riƙe kofin shayi kana ɗumama hannu.

Sai wata Asabar a ƙarshen Fabrairu gari ya waye da rana tas, sama babu gajimare, ƙanƙarar gefen titi tana narkewa. Ka shigo da sanda, amma fuskarka a sake. Ba ka zauna ba. Ka wuce wurin Zuma, ka ɗage gefen mayafinta, ka ce, "Gassan, ina so ka sauke min ita. Zan ɗauki Su'ad mu bi bakin tafki mu dawo. Ba nisa."

Na yi dariya, don na ɗauka wasa kake. Da na ga ba wasa ba ne, na kama hannunka na kai ka bakin ƙofa. Na shafa jikin motata ta hawa da yatsa, na nuna maka farin gishiri. Na ce, "Dubi nan, Abu Lamis. Wannan za ka zuba wa ƙarfen da bai taɓa ganin gishiri ba tun da aka ƙera shi? Ka jira ruwan Afrilu. Kwana nawa ne?"

Walt ya ajiye kofinsa ya ce, "Haba Alƙali. Motar mutum ce fa. Ba shi abinsa."

Na ce, "Kai ka yi shiru, kai da ka fesa wa taka fentin gwangwani." Aka yi dariya, har da kai. Na ci gaba, na ce a watan Yuli ne za a yi babban nunin da muka daɗe muna nema, inda ake ba da shaidar motar da ba a taɓa gyara komai nata ba. Na ce yamma ɗaya a kan wannan titin za ta ɓata mana aikin shekaru. Mana na ce, ina jin kalmar a kunnena har yanzu.

Ka juya kana kallon rana a kan kwalta. Can ka ce, "Gassan, ka dube ni da kyau." Na dube ka. Na yi aiki a shagon magani tsawon rayuwata, na san magungunan da aka rubuta maka, na san abin da ake nufi idan an kai ga ba mutum irinsu. Duk da haka na buɗe baki na ce, "Afrilu, in sha Allahu. Ni da kaina zan wanke ta in kawo maka ƙofar gida."

Ka ce, "To, Alƙali, yadda ka ce." Ka koma wurinta ka ɗora tafin hannunka a kan bonet, babu safa, ka daɗe a haka. Lamis ta yi hon a waje, ka tafi. Ƙofa na rufewa na ɗauko ƙyalle mai laushi na goge wurin, don gumin hannu yana ɓata fenti. Walt yana kallona, ya ɗauki hularsa ya fita. Wannan ce Asabar ɗinka ta ƙarshe a sito.

Na zo gida na duba ka bayan nan, kana kwance a falo an matso da gadonka kusa da taga. Mun yi hira a kan jikokinka da kan wanda zai riƙe shago. Ba ka sake ta da maganar motar ba, ni ma ban tayar ba. Na ji daɗin da ba ka tayar ba, kuma wannan ma yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu.

Ranar Talata da hantsi Lamis ta kira ni. Tun tana ƙarama Ammo take ce min, kamar ƙanin ubanta. Ta ce, "Ammo Gassan, Baba ya cika." Ta bari na gama salati, sannan ta ce, "Gobe za a kai shi. Ina so Zuma ta bi bayan motar gawa."

Ban ce mata komai a kan gishiri ba. Na kira Walt muka nufi sito da gudu. Amma abin da na yi wa motar don in adana ta ba na kwancewa a yini ɗaya ba ne. Mun sauke ta, mun sa batir, mun zuba mai, ta ƙi tashi. Ragowar tsohon mai ya daskare a kafireta, tiyon ya bushe yana ɗiga, birkin baya ya kame saboda tsawon zama. Shekara da shekaru ba ta yi tafiyar da ta wuce faɗin fili ba. Muka yi ta fama har washegari da safe, Walt da ciwon bayansa yana kwance a ƙarƙashinta yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro nunin mota. Da lokaci ya ƙure na wanke hannu sama-sama na tafi masallaci. A sahun ƙarshe na sami sallarka, da baƙin mai a faratana. Motar burodinka ce ta bi bayanka zuwa maƙabarta.

A wurin zaman makoki Walt ya ja ni gefe. Mutum ne mai kirki duk da bakinsa. Ya ce, "Kada ka kashe kanka, Gassan. Ba ka so ka yarda zai mutu ba ne, shi ya sa ka ce Afrilu. Kowa ya gane." Na so ƙwarai in karɓi wannan uzurin, don yana da kyau kuma zai bar ni in yi barci. Na kwana da shi na tashi da shi, na juya shi ta kowace fuska. Abu Lamis, ba gaskiya ba ne. Na san ba za ka kai Afrilu ba. Lokacin da kake tsaye a gabana da sandarka, abin da nake gani a raina shi ne ƙarƙashin motar da tsatsa ta fara ci, da alƙalan Yuli suna girgiza kai. Na sa fenti a gefe ɗaya na sa ka a gefe ɗaya, na zaɓi fenti. Kai ka ba ni wannan motar in riƙe don in rayu, ni kuma na riƙe ta har na hana ka.

Bayan 'yan kwanaki muka samu ta tashi. Ban faɗa wa kowa ba, amma Walt ya faɗa wa Lamis. Ranar Asabar da safe ina zaune a sito ni kaɗai, don babu wanda ya zo kuma babu gurasa, sai ga Lamis da mahaifiyarta cikin baƙaƙen kaya. An kwana ana zuba ƙanƙara, motocin watsa gishiri sun bi tituna, ko'ina caɓi ne fari-fari. Lamis ta gaya min daga baya cewa wata gwaggonta ta ce mai takaba ba ta fita yawo, Hajiya Su'ad ta ce ba yawo za ta ba, kabarin mijinta za ta, ta hanyar bakin tafki. Maƙabarta tana yamma da gari, tafki yana gabas, amma babu wanda ya yi ƙarfin halin tuna mata.

Lamis ta miƙo hannu ta ce, "Ammo, makulli." Na ba ta. Hajiya Su'ad ta buɗe ƙofa da hannunta, ta zauna, na ji fatar kujerar ta yi ƙara. Ta ɗora jakarta a cinya tana kallon gaba. Lamis ta tayar, sito ya cika da rugugi da hayaƙi. Ta leƙo ta ce, "Buɗe ƙofar sito." Wallahi, Abu Lamis, har a lokacin sai da kalmar gishiri ta zo min baki. Na haɗiye ta na ja sarƙar ƙofar. Suka fita cikin caɓin, tayoyi suna watsa shi har saman ƙofofi, na tsaya ina jin ƙarar injin tana canzawa daga giya zuwa giya. Ban taɓa jin giyarta ta uku ba sai ranar.

Sai bayan la'asar suka dawo. Gefenta ya yi fari fat da gishiri, launin zuman ya dushe, kuma tsakuwa ta ɓalle fenti a kan hancinta, daidai kan layin baƙin. Na ga wurin tun kafin su tsaya, don idona ba ya iya barin ganin irin wannan. Lamis ta fito idanunta jajur amma tana dariya. Ta ce, "Ammo, wannan abar gudu take yi kamar aljana. Mama ce ma ke cewa in ƙara wuta."

Hajiya Su'ad ta fito a hankali tana dafa ƙofa. Na matsa in yi mata magana. Ita ce ta fara. Ta ce, "Kujerar ba daɗi, ƙara ta cika kunne, ga warin fetur. Da ya hau, da ya shekara yana ba mutane labari." Ta gyara mayafinta, ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Ranar nan da ya zo wurinka, ya ce in shirya in jira shi. Na sa rigata ta zuwa biki na zauna a falo. Da ya dawo ya ce min Alƙali bai ga wata ba, yana dariya. Ya ce in gaya maka bai riƙe ka da komai ba, ga shi na gaya maka. Shi ya yafe, Gassan. Ni ce ban yafe ba tukuna."

Ban san ta shirya ta jira ba sai a wannan lokacin. Lamis ba ta mayar da motar sito ba. Ta tafi da ita gida, kuma na ji an ce da ita take kai yara makaranta, ɗaya yau ɗaya gobe, tunda kujerar fasinja ɗaya ce. Ba za ta je nunin Yuli ba, ba kuma za ta sake cin kofi ba. Sau da yawa na ɗauki waya in ce mata ta wanke ƙarƙashinta da ruwan ɗumi, sai in ajiye. Na kuma gaya wa 'yan ƙungiya su nemi wani ya riƙe makullin sito, kowa ya fitar da motarsa ranar da ya ga dama.

Ya Allah, ga bawanKa Nazih ya zo gare Ka. Ya ciyar da masu jin yunwa ba tare da ya kunyata su ba, ya zauna da masu baƙin ciki ba tare da ya gaji ba, ya yi haƙuri da abokin da bai cancanci haƙurinsa ba. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubansa. Ka sanya shi a Aljannar Firdausi, inda babu wanda zai ce masa ya jira. Ka jiƙan iyayensa da Nuhad da dukkan waɗanda suka riga mu, mu kuma Ka kyautata namu ƙarshen.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukkan 'yan ƙungiyarmu, ga Lamis da mijinta da 'ya'yansu, da ma'aikatan gidan burodi, da dangin Sabra na nan da na gida Lebanon. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci abin da ya bari.

Hajiya Su'ad, ke kuma Allah Ya sanyaya zuciyarki, Ya ba ki ladan jinyar da kika yi. Abin da kika faɗa min gaskiya ne, kuma haƙƙinki ne. Na hana ki yamma ɗaya da mijinki, ba ni da inda zan samo miki wata. Ina roƙon ki yafe min, amma ba zan sa miki rana ba. Zan jira.

Gassan Murad
Dearborn, Michigan